Ranar da Muka Gurfanar da Sarkin Ingila a Isa

Tun da aka kafa Ingila, ba na jin an taɓa yi wa wani sarkinta shari'ar adalci irin wadda aka yi a inuwar dogonyaro, a harabar wata makarantar sakandare a Isa, da benci huɗu da teburin da aka aro daga ɗakin malamai. Ina faɗin haka da cikakken hankalina, kuma na karanta abin da Turawa suka rubuta a kan mutumin, gwargwadon abin da ya iso hannuna. Sun fi shekara ɗari biyar suna jayayya a kansa. Mu kuwa tsakanin hantsi da azahar muka gama da shi.

Ni ne malamin tarihi na makarantar a wancan lokaci. Mutumin Sabon Birni ne ni, aiki ya ajiye ni a Isa fiye da shekara ashirin, ina zuwa gida duk ƙarshen mako, a zamanin da mutum ke bin hanyar nan ba sai ya bar wasiyya ba. Tarihi fanni ne da kowa ke girmamawa muddin ba ɗansa ne zai karanta ba. Uba zai tare ka a kasuwa ya yabe ka, ya ce ku ne masu riƙe da asalin mutane, sannan ya ja ka gefe ya roƙi ka sa baki a mayar da yaronsa ajin kimiyya. A haka ajina ya yi ta zubewa, har ya kai idan zazzaɓi ya kwantar da ɗalibai uku, sai in tsaya gaban allo ina ba wa benci labarin Alkalawa, tsohon birnin sarakunanmu.

Wata safiya shugaban makaranta ya aiko kirana. Mutumin kirki ne, malamin lissafi tun asali, kuma kamar yawancin masu lissafi, bai yarda da abin da ba shi da amsa ɗaya ba.

“Malam, zauna. Maganar tarihin nan ce. Ana ta batun cire shi daga jadawali, a ba wani fanni lokacinsa.”

“Ni kuma a kai ni ina, yallaɓai?”

“Ai ba ka rasa abin yi. Turancinka mai kyau ne.” Ya ɗan juya alƙalaminsa. “Ranar iyaye na tafe. In ka nuna musu wani abu har su da bakinsu suka ce a bar shi, za ni samu abin rubuta wa Sakkwato. In kuwa ba haka ba, hannuna a ɗaure yake.”

Na fito da nauyin zuciya. Ba yunwa nake tsoro ba, albashina ba zai canza ba. Abin da na ji shi ne, shekara ashirin da wani abu na yi ina abu ɗaya da na iya, ga shi za a ce in koma koyar da yadda ake rubuta wasiƙar neman aiki.

A cikin makon nan ne rediyo ta kawo labarin da ya ba garin dariya. An ce a Ingila an tono ƙasusuwan wani tsohon sarkinsu a ƙarƙashin filin ajiye motoci. Kafin labarin ya zagaya teburin mai shayi, filin ya riga ya zama tashar mota, da 'yan kamasho da masu rake. Ina wucewa wani tela ya ɗaga murya: “Malam, kai da ka san su, wanga sarki mi yay yi anka rufe shi tasha?” Na tsaya na ba su labarin a tsaye. Shayinsu ya huce, ba wanda ya tashi. Rabon da wani baligi ya yi mini tambayar tarihi don kansa har na manta. A nan dabarar ta zo mini.

Ga labarin a taƙaice, yadda na ba su. Wan mutumin da aka tono ne sarki da farko. Da wan ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu ƙanana, aka danƙa wa ƙanen riƙonsu da riƙon ƙasa har babban ya girma. Ba a jima ba aka ce auren iyayen yaran bai inganta ba, don haka ba su da gado a sarauta. Baffan ya hau gadon. Yaran kuma aka ajiye su a wata babbar ganuwa a Landan, ana ganinsu suna wasa, ganin ya yi ta raguwa, har aka daina. Shekara biyu baffan ya yi yana mulki, aka kashe shi a fagen yaƙi. Wanda ya kashe shi ya hau, marubutan zamaninsa kuma suka zana marigayin a matsayin mugu mai doro, makashin marayu.

Ni kuwa ina son mutumin, ba na ɓoyewa. A ɗan mulkinsa ya sa an rubuta dokoki da harshen da talaka ke ji. Ya ƙarfafa ba da beli, don kada a tsare mutum a kwashe kayansa tun ba a tabbatar da laifinsa ba. Ya buɗe ƙofar da marar ƙarfi zai kai kukansa. Ranar ƙarshe kuma, da yaƙi ya juya masa baya, bai gudu ba, a tsakiyar abokan gaba ya faɗi. Bagobiri ba ya jin haka ya ƙi gyara zama. Kuma mu nan mun ɗan san yadda labarin mutum ke komawa idan wanda ya ci shi da yaƙi ne ya riƙe alƙalami.

Saboda haka na zauna na rubuta shari'a, shafi takwas, wadda za a yi a gaban iyaye. Za a kawo ƙara, a kawo kariya, a ƙarshe alƙali ya wanke sarki tas, ni kuma in fito in yi jawabi a kan amfanin tarihi. Mai gabatar da ƙara na ba wata ɗaliba 'yar aji shida, mai kaifin baki, wadda ko malamai ke shakkar tambayarta. Matsalar sarki ce ta taso. Ɗalibin da na zaɓa, uwarsa ta zo makaranta da kanta ta ce ɗanta ba ya zama makashin marayu ko da wasa, sunan zai bi shi har gidan aure. Na biyu ya ji labari ya janye. Da na rasa, na ce to, ni za ni zama sarkin.

Saura alƙali. Na so a samu wanda zamansa kawai zai sa iyaye su natsu. A unguwarmu a Sabon Birni akwai wani tsohon alƙali da ya daɗe da ajiye aiki, abokin marigayi mahaifina, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani, na miƙa masa takardar da na rubuta hukuncin a ciki, na ce abin da zai karanta ke nan idan an zo ƙarshe. Ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce, “Allah shi kai mu.” Na ɗauka ya amince ke nan. Da na yi tunani kaɗan, da na tuna mutumin ya yi shekara talatin mutane na faɗa masa abin da ya kamata ya yanke.

Ranar ta zo bayan gero ya shiga rumbu, don haka iyaye sun samu sukunin zuwa. Maza suka cika tabarmi ta gabas, mata ta yamma, shugaban makaranta da manyan baƙi a kujeru. Na fito da alkyabbar aro, da hular kwali da ɗalibai suka liƙa wa takardar alewa mai ƙyalli, da matashin kai cushe a bayana. Aka yi dariya yadda na so. Tsoho ya iso da sandarsa da butarsa, ya dubi kujerar da muka tanada, ya ce a shimfiɗa masa darduma a ƙasa. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya yi bisimilla.

Ɗalibar ta miƙe ta fara karanto ƙara. Ba ta kai layi na uku ba ya ɗaga hannu.

“Dakata, ɗiyata. Ke mi kike ga yaran nan? Uwa ko gwaggo?”

Wannan ba ya cikin shafi takwas ɗina. Ta dube ni, na dubi sama.

“Ba ko ɗaya, Allah gafarta malam.”

“To wa yat turo ki?”

Ta ce, “Ba su da kowa, shi ya sa na zo.”

Ya gyaɗa kai. “Maraya in ba shi da kowa, alƙali na waliyyinai. Na naɗa ki wakiliya. Aje takardar, hwaɗa mani da bakinki.”

Ta ajiye, ta faɗa da bakinta, kuma ya fi abin da na rubuta mata kyau, abin da har yau bai gama yi mini daɗi ba. Sannan ya juyo gare ni.

“Kai ne wanda aka ƙara?”

“A cikin wasan, ni ne, Baba.”

“Ba a wasa gabana. Ko kai ne shi, ko wakilinai ne kai. Zaɓi guda.”

“Wakili ne.”

“To hidda matashin nan daga bayanka. Ba doro anka kawo ƙara ba. Halitta ta Allah ce, ba ta shiga shari'a.”

Na sa hannu ta wuyan alkyabba na zaro matashin a gaban ɗalibaina da iyayensu. Dariyar da aka yi wannan karon ba irin wadda na so ba ce. Na saci kallon shugaban makaranta, na ga yana duba agogo.

Amma daga nan abin ya fara tafiya yadda nake so, ko da yake ta wata hanya. Tsoho ya tambayi wakiliyar marayu shaidunta. Wa ya ga kisan da idonsa? Babu. Wa ya kawo labarin? Marubutan da suka yi zamani da wanda ya kashe sarkin ya gaje shi.

“Suna cin abinci gidan sabon sarki?”

“Wasunsu, Allah gafarta malam.”

“Abokin gaba da mai cin tuwon abokin gaba, ba ni karɓar shaidarsu.”

Ta ce an ce wani bara ya amsa cewa shi aka sa ya kashe yaran. Ya ce wa ya ji amsawar? Ta ce an dai ce. Ya ce shi bai taɓa rantsar da “an ce” ba. Ta ce bayan shekaru masu yawa an tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin matakala a ganuwar. Ya ce an tabbatar nasu ne? Ta dube ni, na ce ba a tabbatar ba. Ya share da hannu. Ina tsaye ina jin daɗi na ratsa ni, har na ga dama ta samu, na fara jero kyawawan dokokin mutumina, da beli, da harshen talaka, da yadda ya tsaya a fagen fama.

“Kai yaro,” in ji shi, ni da furfura ta fara cin gemuna, “an tambaye ka? Wannan ka aje ma ranar awon ayyuka. Ni ba a ba ni wancan ma'auni ba.”

Wurin da ya ɗan daɗe shi ne maganar auren iyayen yaran. Da aka ambace ta, gefen mata ya ɗauki guna-guni, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, “Uban yana da rai ba wanda yac ce komi, sai da ƙasa ta ruhe mai ido?” Alƙali bai tsawata mata ba. Ya tambaye ni ko ƙanen ya taɓa tayar da maganar a rayuwar wansa. Na ce ban ga inda aka rubuta haka ba. Ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin bai kwanta mini ba, amma na ce a raina ai ƙarar kisa ce, kuma kisa ya rushe.

A al'adar kotunan alƙalai, kafin a yanke hukunci sai an tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana. Kafin ya kai ga haka, tsoho ya dubi jama'a ya ce ko akwai wanda ya san wani abu a kan lamarin. Tambaya ce ta cika ƙa'ida, tunda lamarin ya faru ne a Landan shekara ɗari biyar da suka wuce. Sai ga wani dogon mutum ya miƙe daga bayan tabarmi, da malafa da sanda. Ardo ne daga wajen Tsamaye, ɗansa na aji huɗu, kuma ban taɓa jin muryarsa a taron iyaye ba sai ranar.

“Allah shi gafarta malam, ni ban yi boko ba, Ingila ko a mafarki ban san ta ba. Tambaya ce gare ni. Yaran nan, hannun wa anka sa su?”

“Amsa mai,” in ji alƙali.

Na ce hannun baffansu.

Ardo ya jingina da sandarsa. Ya ce shi aikinsa riƙon dukiyar mutane ne. Manoman Kurawa da na Tsamaye, da ma'aikatan Isa, wasunsu ga su nan zaune, suna ba shi shanunsu ya haɗa da nasa ya tafi da su, wani lokaci har cikin Nijar, wata da watanni mai saniya bai sa ta a ido ba. Ya ce dabba tana mutuwa, wannan ba abin kunya ba ne. Amma in ta mutu, ko tafiyar kwana goma ce tsakaninka da mai ita, sai ka feɗe ta, ka shanya fatar, ka ɗauko ta da shaidar da ke jikinta, ka kawo ka shimfiɗa a ƙofar gidansa. In kura ce ta ci, ka kawo abin da ta rage, ko ƙaho ko kunne mai tsaga. In sace ta aka yi, kai za ka zo da ƙafarka ka faɗa tun ba a tambaye ka ba, kuma kai ne a gaba wurin bin sawu.

“Wanda yad dawo hannu biyu, kuma yay yi shiru, mu ba mu tsayawa tambayar yanka ta yay yi ko saida ta yay yi. Wannan tsakaninai da Allah. Abin da munka sani, ba a ƙara ba shi ko akuya.” Ya gyara malafa. “Ban ce ɗiyan mutane shanu ne ba, Allah shi tsare bakina. Amma abin da aka yi ma saniya, ai ɗan'uwa ya hi cancanta da shi. Malam, mutumin naka, da anka fara tsegumi, ya hiddo yaran mutane sun gani?”

Kowa ya juyo ya dube ni. Na san amsar. Duk wanda ya karanta labarin ya san ta, sai dai masu son sarkin, irina, mun saba mu wuce ta da sauri mu koma kan beli. Kuma na san a duk taron nan babu mai iya ƙaryata ni in na ce i. Littattafan suna ɗakina, da Turanci, a cikin akwati. In na ce i, hukuncin da na tsara zai fito, in yi jawabina, a tafa. In na ce a'a, sarkin da na kawo don in wanke zai faɗi a hannuna, a gaban mutumin da ke riƙe da jadawali. Na tsaya da hular kwali a kaina ina wannan awo, kuma ba zan ce bai ɗauke ni lokaci ba.

“Bai fito da su ba, Ardo.”

“Ya ce sun rasu, an yi musu sutura?”

“Bai ce ba.”

“Ya ce an sace su, ya sa an bi sawu?”

“Ban ga inda aka rubuta ba.”

“Ya daɗe bayan haka?”

“Kamar shekara biyu.”

“Shiru?”

“Shiru.”

Ardo ya ce, “Shi ke nan tambayata,” ya koma ya zauna.

Alƙali ya tambayi wakiliyar marayu ko tana da sauran magana. Ta ce Ardo ya gama mata. Ya tambaye ni. Na duba cikin kaina, shafi takwas, ban samu layi ɗaya da zai tsaya ba. Na ce babu.

Ba da ƙarfi alƙali ya yi magana ba, sai da na baya suka matso. Ya ce kisa bai tabbata ba, babu shaidar da shari'a ke karɓa, saboda haka duk wanda ke wurin nan kada ya ƙara kiran mutumin makashi, don bai gani ba, kuma wanda ya faɗa masa ma bai gani ba. Ya ce amma an ba shi amanar rai biyu, amanar ta salwanta a hannunsa, bai kawo bayani ba, wannan kuwa ya tabbata da bakin wakilinsa. Ya ce mai riƙon maraya ko sayen kayan marayan ana ƙyamar ya yi, balle ya wayi gari a kan gadon da aka ba shi tsaro. Dokokinsa masu kyau, duk wanda ya amfana da su ya ambace su, ba a hana ba, amma ba a biyan wannan da wancan.

Wani daga cikin iyaye ya ce, “To mi a hukuncinai, Allah gafarta malam?”

“Ya riga ya isa gaban wanda ya hi ni sanin abin da anka yi cikin ganuwar nan. Ni abu guda ya rage mani.” Ya dubi gefen da 'yan shayi suka taru. “Na ji kuna dariyar tashar mota. Ɗan Adam ne. A maishe shi kabari kamar kowa.”

Bayan 'yan shekaru Turawa sun yi hakan, da gagarumin biki. Ban ce umarnin ya kai musu ba. Na dai lura da wanda ya riga faɗa.

Jawabina a kan amfanin tarihi ban yi shi ba, don babu wanda zai saurara. Taron ya watse gungu-gungu ana gardama. Wasu na cewa tsoho ya yi sassauci, wasu na cewa ya tsananta wa mutumin da ba ya nan. Na ji wani direban motar Sakkwato yana rantsuwa cewa sabon sarkin ne ya kashe yaran, wani mai sayar da buhu yana tambayarsa shaidunsa. Da na raka alƙali bakin mota, ya zaro takardata daga aljihu, a ninke yadda ya ninke ta, ya miƙo mini.

“Ban buɗe ba. Ubanka ma haka yake, shi kan gama shari'a tun a gida.” Ya shiga mota, sannan ya leƙo. “Amma ka hwaɗi gaskiya inda ƙarya ta hi sauƙi. Je ka cire hular nan.”

Ban taɓa samun takardar yabo daga ofis da ta kai mini wannan ba.

Gardamar ta fi wata tana yawo a Isa. Mutanen da ba su san inda Ingila take ba suka rabu biyu a kan sarkinta. Iyaye suka riƙa tare ni, wannan karon ba don a mayar da 'ya'yansu ajin kimiyya ba, sai don su ji ko akwai wani sarkin da za a kawo baɗi. Wata uwa ta ce a kawo mai yawan aure-auren nan da ta ji labari, tana da tambayoyi. Wasu iyayen sun je ofishin shugaban makaranta da ƙafarsu. Da aka dawo hutu, ajina ya cika har aka ƙaro benci, shugaba kuma ya kira ni ya miƙo hannu.

“Malam, tarihi ya tsaya.”

Na koma aji ina jin ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba. Na koyar da fannin har ranar da na ajiye aiki, kuma daga wannan shekara na canza yadda nake yi. Kowane sarki muka zo kansa, na nan gida ko na waje, sai in raba wa ɗalibai tambaya biyu: me aka tabbatar ya yi, kuma me aka ba shi riƙo, ina yake? Na ga manya da yawa sun tsallake ta farko sun faɗi a ta biyu. Shi kuwa mutumina, har yanzu ina sonsa, amma irin son da kake yi wa ɗan'uwan da ba za ka bar wa makullin gidanka ba. Na karanta littattafan da aka yi a kansa bayan an tono shi, na masu yabo da na masu suka, manyan malamai masu digiri bisa digiri. Ban ga wanda ya raba maganar gida biyu da tsabta irin ta tsohon nan ba, ban kuma ga wanda ya yi tambayar Ardo a gajarce kamar yadda ya yi ta ba. Ina alfahari da cewa a Isa aka yi ta, a gaban ajina, kuma da ita muka ceci fannin tarihi a makarantar. Na ba da wannan labari a wurare da yawa, kuma ban taɓa rage wannan ɓangaren ba.

A makon da za ni ajiye aiki, na shiga ofis neman wasu takarduna, akawun makaranta yana kwashe tsofaffin fayiloli. Ya ce, “Malam, ga wata ta fanninka,” ya miƙo mini. Umarni ne daga sama cewa kada wata makaranta ta cire tarihi daga jadawalinta, da hatimin karɓa da sa hannun shugaba a ƙasa. Takardar ta iso makaranta mako uku kafin waccan ranar iyaye da muka gurfanar da sarki.